Tudun Vikersund: yaya ƙaramin gari ya mallaki tudun tsalle irin wannan, kuma me ya sa mai nisa ba kullum yake cin gasa ba?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan wasan tsallen zamiya ne na dusar ƙanƙara, wanda mutum zai sulalo daga tudu da alluna biyu a ƙafa ya tashi sama. Ana yawan ambaton Vikersund na ƙasar Norway, alhali garin mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Yaya aka yi suka samu ɗaya daga cikin manyan tuddai na duniya? Na biyu, sai a ga wani ya fi kowa nisa amma an ba wani kofi. Ina lissafin yake?

Baban_Hanan:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko. Vikersund yana bakin tafkin Tyrifjorden, yamma da Oslo, kuma tudun ba rana ɗaya ya girma ba. An buɗe shi a 1936 yana tudu na yau da kullum. A 1966 aka faɗaɗa shi ya shiga ajin tuddan da ake kira na shawagi, kuma a shekarar Bjørn Wirkola ya yi mita 146 a kansa, nisan da babu wanda ya taɓa kaiwa a lokacin. Daga nan sai ya karɓi gasar duniya ta shawagi har sau biyar: 1977, 1990, 2000, 2012 da 2022.

Abin da ya riƙa tura su gaba shi ne kishi da Planica na Sloveniya. Shekaru masu yawa duk wani sabon tarihi a Planica ake kafa shi, can ne ma Toni Nieminen ya fara tsallake mita 200 ya tsaya da ƙafafunsa a 1994. Sai mutanen Norway suka sake ginin tudunsu gaba ɗaya, aka gama a 2011, kuma abin dariya, injiniyan da ya zana shi Janez Gorišek ne, wanda shi da ɗan'uwansa suka zana na Planica. Ana buɗewa Johan Remen Evensen ya yi mita 246.5. A 2015 Peter Prevc ya zama na farko da ya kai 250, washegari Anders Fannemel ya ƙwace da 251.5. Ranar 18 ga Maris 2017 Robert Johansson ya yi 252, ba a jima ba Stefan Kraft na Ostiriya ya yi 253.5. Wannan ya zauna shekara takwas kafin Domen Prevc ya yi 254.5 a Planica a 2025.

Kada kuma a ɗauka tudu ɗaya ne. A gefen babban akwai matsakaici da ƙanana na koyon yara, domin ba wanda yake fara wannan wasa daga mita 200.

Sarkin_Lissafi:
Malam, amsar tambayarka ta biyu ita ce nisa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa huɗu da ake lissafawa. Ana haɗa makin nisa, makin salo, gyaran iska da gyaran matakin farawa.

Kowane tudu yana da layin da ake kira K. A Vikersund yana mita 200. Wanda ya sauka daidai kansa yana da maki 120, kowace mita ta sama da haka ƙarin 1.2 ce, ta ƙasa kuma ragin 1.2. A manyan tuddai na yau da kullum kuwa maki 60 ne a K, mita ɗaya 1.8. Salo alƙalai biyar suke dubawa, kowa yana iya ba da har 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a tara ukun tsakiya.

Ɗauki mutum biyu. Na farko ya yi 240: makinsa 168. Na biyu ya yi 232: 158.4. Amma na farko ya dira da ƙafafu a jere kamar an jefo buhu, alƙalai suka ba shi 16.5 sau uku, 49.5 ke nan. Na biyu ya yi saukar telemak, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannaye a buɗe, ya samu 19 sau uku, 57. Yanzu 217.5 ne da 215.4. Idan na biyun iska daga baya ta same shi aka ƙara masa maki shida, ya wuce.

Batun iska yana rikita masu kallo. Wadda take busowa daga gaba ita ce alheri, domin tana shiga ƙarƙashin alluna ta ɗaga mutum, don haka ake rage maki. Ta baya tana danne shi ƙasa, sai a ƙara masa. Na'urori ne a jere gefen tudu suke aunawa, kwamfuta ta fitar da adadin nan take. Haka ma sandar da ake zama a kai kafin sulalowa: in aka sauko da ita mataki ɗaya, gudu ya ragu, sai a biya ɗan wasa da maki. An shigo da wannan tsari ne wajajen 2010. Kafin nan in iska ta juya a tsakiyar zagaye, sau da yawa sai dai a soke a faro daga farko.

Uwar_Gida_Zee:
Ƙari a kan bayanin Sarkin Lissafi. Akwai layi na biyu, HS, wato girman tudu, 240 a Vikersund. Daga wajen nan gangaren ya fara miƙewa, don haka wanda ya wuce shi kamar daga bene yake dirowa kan fili, duk nauyin a gwiwa yake ƙarewa. Shi ya sa telemak a mita 250 sai wanda ya isa. Dmitri Vassiliev ya kai 254 a can a 2015 amma ya faɗi, ba a ƙirga ba. Da zarar tsalle ya kai kashi 95 cikin 100 na HS, mita 228 ke nan, masu kula da gasa sukan tattauna ko a sauko da sanda.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin tashi yake faruwa. Bakin ba sama yake kallo ba, ya ɗan sunkuya ƙasa da kimanin digiri 11, kuma ana isowa da gudun kimanin kilomita 100 a awa. Ɗan wasa ne yake tura kansa da ƙafafu. In ya yi gaggawa, ƙarfin ya ƙare kafin baki. In ya makara, ya tura iska kawai. In ya kwanta gaba fiye da kima kawunan allunan su nutse, wannan shi ne mummunan faɗuwa. In ya miƙe da yawa jikinsa ya zama birki. Buɗe alluna kamar harafin V, wanda Jan Boklöv na Suwidin ya yayata har ya ci kofin duniya a 1989, ya ƙara faɗin da iska take turawa.

Kaya ma ana aunawa. Tsawon allo ba ya wuce kashi 145 cikin 100 na tsayin mutum, kuma wanda ya rame ƙasa da 21 a ma'aunin nauyin jiki da tsayi (BMI) sai a gajarta masa, don hana 'yan wasa horar da kansu da yunwa. Riga in ta yi burum ta zama filafili, kora ce.

Mata kuwa sai a 2023 aka ba su damar yin gasa a babban tudun. Ema Klinec ta yi 226, Silje Opseth ta yi 230.5 a 2024, Nika Prevc ta kai 236 a 2025.

Baban_Hanan:
Hajiya ta tuna mini wani abu. Hukumar FIS, mai kula da wasannin zamiya na duniya, ba ta riƙe kundin tarihin nisa a hukumance, don kada a riƙa cusa 'yan wasa cikin haɗari. Tsakanin 1987 da 1994 ma ba a ba da maki a kan abin da ya wuce mita 191. Kuma mita 291 da Ryoyu Kobayashi ya yi a Iceland a 2024 ba ta shiga wannan jeri, domin tudun wucin gadi ne aka gina masa shi kaɗai, ba gasa ba ce.