Wai Hitila Ne Ya Kawo Mana 'Yancin Kai?

Malam Habu: Jama'a, assalamu alaikum. Jiya a majalisar ƙofar gida na faɗi wata magana, saura ƙiris a yi mini ature. Cewa na yi da ba don Hitila ba, da har yau akwai Razdan a Kano, Di'o na fita rangadin haraji. Ba yabonsa nake ba, azzalumi ne na ƙin ƙarawa. Amma ku duba lissafi. A 1939 Ingila na riƙe da kusan rubu'in duniya, Faransa na biye da ita. Aka shekara 6 ana gwabzawa, tun 1 ga Satumba 1939 da Jamus ta afka wa Folan, har Satumbar 1945 da Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya. Shekara 2 kacal Indiya ta kuɓuce. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sauke tutar Bature cikin shekara guda, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ingila da ta ci yaƙin ma da bashi ta fito har wuya, sai da Amurka ta ranta mata dala biliyan 3.75 a 1946. Mai cin bashin hatsi ba ya ajiye barori. To ina kuskurena?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, in yaƙi ne ke 'yanta mutane, me ya hana na farko? Daga 1914 zuwa 1918 Turai ta ci kanta, Faransa kaɗai ta binne soja fiye da miliyan ɗaya. Sojojinmu aka tura Kamaru suka yi ta fama da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora har Fabrairun 1916. Da aka kori Jamus, an ce wa mutanen Kamaru ku je kun 'yantu? Ina! Ingila da Faransa suka raba ƙasar kamar naman watanda, haka ma Togo. Ubangida kawai aka sauya.

Nafi'u: Ni dai ina bayan Baba Habu. A makaranta an koya mana cewa Ingila da Faransa ne suka matse Jamus da yarjejeniyar Versailles ta 1919, shi ya sa Hitila ya tashi ramuwa. Wanda ya mari wanda ya mare ka, ko ba dominka ya yi ba, ai ka ji sanyi a ranka.

Malam Isiyaku: Nafi'u ɗana, rabin karatun aka ba ku. Gaskiya ne an yanke wa Jamus ƙasa, an ƙwace mata duk inda take mulka a waje, an ce sojanta kada ya wuce 100,000, an ɗora mata biyan diyya. Sai kuma karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta zo, har a 1932 marasa aiki a Jamus suka kai wajen miliyan 6. A wannan ƙuncin ya samu kasuwa, aka naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Amma me yake nema? Ba cewa ya yi a daina mulkin mallaka ba, cewa ya yi shi ma a ba shi nasa: ƙasar Folan da Yukren da Rasha, a kori masu ita ko a mayar da su bayi. Abokansa ma haka. Japan ta haɗiye Manchuriya a 1931, ta shiga Sin gadan-gadan a 1937. Musolini ya faɗa wa Habasha a Oktoban 1935 har da iskar guba, Majalisar Ƙasashe ta lokacin ta yi 'yan takunkumai na jeka-na-yi-ka ta naɗe hannu. Ɓarayi ne suka yi rigima a kan rabon kayan sata, mu kuma muna cikin kayan.

Sannan shi wanda kake jin sanyin marin nasa, ka san yadda ya ɗauke ka? A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da Jamusawa a yankin kogin Rhine, aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. A Yunin 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon, sojojinsa suka kama fursunoni, suka ware fararen gefe, baƙaƙen suka bindige. Ba a ma zancen Yahudawa miliyan 6 da gwamnatinsa ta hallaka.

Malam Habu: Malam Isiyaku, ka bar jaki kana dukan taiki. Ban ce ya so mu ba. Gobara ma ba son kowa take ba, amma in ta cinye gidan yari, fursuna ya fita.

Hajiya Turai: Malam Habu, bari in sa baki, don wannan gobarar a gidanmu ta ci. Kakana na wajen uwa, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka ɗauke shi. Takarda ta zo wa dagaci cewa a kawo samari kaza, shi kuwa ubansa ba shi da abin da zai toshe bakin kowa. Aka kai shi ƙasar Bama (Burma) cikin Runduna ta 81, suka shiga kwarin Kaladan a 1944. Abin da yake ba mu dariya da shi shi ne, ba bindiga aka ba shi ba, adda da gammo aka ba shi. Daji ne da mota ba ta shiga, to kawunansu ne motar: akwatin harsashi, buhun shinkafa, wani lokaci mai rauni a kan makara. Abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu da lema. Yakan ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon matsattsaku, ya ce da wutar taba ake cire su, in ka fizge da hannu sai wurin ya zama gyambo. Ƙaninsa shi kuma diban gwamna ya ci shi, aka kai shi haƙar kuza a Jos, saboda Japan ta kama Malaya, kuzar Ingila ta yanke. Da tarin da bai rabu da shi ba ya dawo, bai yi shekara biyu ba ya rasu.

To ka ga in za a yi godiya, ban ga dalilin tsallake waɗannan a kai ta Balin ba.

Nafi'u: Allah ya jiƙansu, Mama. Ashe shi ya sa ake da barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya? Ni da na ɗauka sunayen wasu Turawa ne.

Malam Isiyaku: Duk daga yaƙin Bama ne, haka Arakan da Myohaung a Legas. Na Mogadishu kuma daga yaƙin Gabashin Afirka, inda sojojin Najeriya suka bi Italiyawa daga Mogadishu har Harar a Maris 1941. Ranar 5 ga Mayu na shekarar Haile Selassie ya koma Addis Ababa.

Malam Habu: Allah ya jiƙan magabata, Hajiya. Amma labarinki hujjata ce. Mutumin da a da in ya hango Bature sai ya sauka daga kan jaki ya tuɓe takalmi, ga shi ya ɗauko Bature a kan makara yana kuka yana kiran uwarsa. Wannan idon ba zai koma kamar da ba. A Fabrairun 1942 sojan daular Ingila wajen 80,000 suka ɗaga hannu a Singafo, ga Japanawa, mutanen da suke rainawa. Kwarjini ya zube. Sannan ga tambayar da ba wanda ya amsa mini jiya: Fotugal ba ta shiga yaƙin ba. Yaushe ta saki Angola da Mozambik? Sai 1975. Waɗanda suka sha wuta suka saki da wuri, wadda ba ta sha ba ta ƙara shekara 15.

Hajiya Turai: Idon ya buɗe kam, amma ka san aikin da ya kama da ya dawo a 1946? Ɗan doka na En'e. Da NEPU ta fito a 1950, shi ne mai kamo 'ya'yanta ya kai gaban alkali. Har ya bar duniya yana cewa 'yan siyasa marasa kunya ne. Ba kowane ɗan mazan jiya ne ya dawo da tawaye a ciki ba, da yawa albashi da kaki suka nema.

Malam Laminu, Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa. Malam Habu, ka zo nan wajenmu ka gwada lissafinka a kan Faransa. Ba wadda aka wulaƙanta kamarta, cikin mako 6 Jamus ta kayar da ita a 1940. Mu a Nijar muka zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, ta Faransawan da suka bi Jamus, har Nuwamban 1942, alhali maƙwabciyarmu Chadi, da gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata, ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, tun Agustan 1940. Wato lokacin da Faransa ba ta da ƙasar kanta, Afirka ce ta ba ta wurin tsayawa. Me ta saka mana da shi? A taron Brazzaville na farkon 1944 suka rubuta ƙarara cewa maganar mulkin kai babu ita, ko nan gaba. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi kuɗinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi sun ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da ake rawa a Paris an gama da Jamus, a ranar aka fara zubar da jini a Sétif ta Aljeriya, dubbai suka tafi. Haka aka murƙushe tawayen Madagaska na 1947. Biyetnam sai da aka kore su da bindiga a 1954, Aljeriya sai 1962. Wannan ne mai rauni da ya saki igiya don kansa?

Abu guda zan ba ka. Dokar da ta soke aikin tilas a Afrilun 1946, ba don yaƙin ba da wuya a same ta a lokacin, don yaƙin ne ya sa aka ƙara wa 'yan Afirka kujeru a majalisar Paris. Amma wanda ya kai ta gaban majalisa Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ne, ba Bajamushe ba.

Alhaji Tanko, Kumasi: Ni na ga kowa na da nasa. Nan Gana, 'yan mazan jiya ne suka kunna ashanar. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka ɗauki takardar koke a kan fansho da alkawuran da ba a cika ba, suka nufi fadar gwamna a Osu. Wani Baturen ɗan sanda ya harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Accra ta kama da wuta, aka kama Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa biyar, aka kafa kwamitin bincike, a 1951 aka yi zaɓe yana kurkuku ya ci, 6 ga Maris 1957 aka sauke tuta. Ba yaƙi, ba waɗannan sojojin. Amma ba Nkrumah da matan kasuwa da suka riƙe jam'iyyarsa, da an binne mutum uku an wuce wurin.

Malam Isiyaku: Alhaji ya kusa. Ku ƙara da wannan: a Agustan 1941 Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka suka fitar da sanarwar Atlantika, cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen gwamnatin da take so. Wata bai cika zagayowa ba Churchill ya shaida wa majalisarsu cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. Waye ya riƙe su da maganarsu? 'Yan jaridar Afirka ta Yamma da suka je Landan a 1943, Azikiwe a gaba, da takardar neman mulkin kai. Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo na cikin tafiyar. A Yunin 1945 ma'aikatan Najeriya, 'yan reluwe a sahun farko, suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 saboda tsadar da yaƙi ya jawo. Kuma bashin da Malam Habu ke faɗa bai sa Ingila ta sassauta ba da farko, ƙara matsa mana ta yi: gyaɗarmu da audugarmu hukumar ciniki ke saya a farashin da ta yanka, rarar na ajiye a Landan.

Batun Fotugal kuwa, Salazar ɗan kama-karya ne ke mulki, ba zaɓe na gaskiya, ba jaridar da za ta tambaye shi kuɗin da yake ƙonawa a daji. Kuma ita ma ba don Allah ta saki ba, sai da aka yi fiye da shekara 10 ana yaƙarta a Angola da Gini Bisau da Mozambik, har sojojinta suka gaji suka kifar da gwamnati a 1974.

Malam Habu: To na ji. Na cire sunan Hitila, don Hajiya ta sa na ji kunya, kuma in ta karya shi ne ai mutanen Tarayyar Sobiyet suka fi kowa biya, mutum wajen miliyan 27, ba kuwa zan ce a gode wa Stalin ba. Amma lissafina yana nan. Satiru ta ƙasar Sakkwato ta tashi a 1906 aka shafe ta. Kawusan, jagoran Abzinawa, ya tashi a Agadas a 1916 aka murƙushe shi. Matan Aba sun tashi a 1929 aka harbe su. Fizgewar ba a 1945 aka fara ta ba, me ya sa sai bayan 1945 ta yi aiki? Malam Isiyaku, wannan ka bar mini ba amsa.

Malam Isiyaku: Sétif da Madagaska ma bayan yaƙin ne, an kuma murƙushe su kamar Satiru. Gobe in na dawo daga makaranta mu ɗora daga nan.

Nafi'u: Mama Turai, an ba kakan naku lambar yabo kuwa? In tana nan a ɗauko mana hotonta.

Hajiya Turai: Tana nan cikin adakar mahaifiyata, a gwangwanin shayi tare da takardar sallamarsa. Tauraro ne na tagulla mai tsini shida. Ƙyallen da ake ratayawa asu ya cinye tun ina yarinya. Na juya bayanta na duba, ko sunansa babu a jiki.