Laftof ɗina ta tsufa, wace Linux zan ɗora mata?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Laftof ɗina ta doshi shekara tara, RAM ɗinta 4GB, kuma ta nuna min ba ta cika sharuɗan Windows 11 ba. Tunda wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba. An ce in koma Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta maimakon Windows, na leƙa sai na tarar da sunaye rututu, kaina ya ɗaure. Wacce zan ɗora? Aikina rubutu ne da lissafi a tebur irin na Excel, sai shiga intanet.

Gwani: Wa alaikumus salam. Linux Mint. Magana ta ƙare.

Tsohon Hannu: Mint ɗin dai, amma tana zuwa da fuskar allo iri-iri, da 4GB ki ɗauki mai Xfce. Cinnamon ta fi kyan gani, ta kuma fi cin RAM. Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029, kin ga kin huta.

Na-Arch: Arch Linux.

Gwani: To fa, an fara.

Yaya Babba: Ƙanwata, bar batun suna tukuna, ki saurari abin da ya same ni. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Shekara huɗu ke nan, wani dare na zauna da filash a hannu da bidiyon wani bawan Allah a waya, yana dannawa ina dannawa. Kwamfutata tana da C tana da D. Duk abin da na mallaka yana D: hotunan yara tun suna jarirai, takardun aiki, da rubutun digirina na biyu da ya rage babi ɗaya. A tunanina D wani ɗaki ne daban, in gobara ta tashi a C ba za ta tsallaka ba. Aka zo allon da ke tambayar yadda za a yi da faifan. Zaɓi ɗaya ya ce a ɗora a gefen abin da ke ciki, ɗaya ya ce a goge faifan gaba ɗaya, ɗaya kuma na masu raba shi da hannu. Mai bidiyo ya danna na gogewa, shi kwamfutarsa wayam take, bai kuma faɗa ba. Ni ma na danna. Gargaɗi ya fito, ban karanta ba, don a lokacin ji nake na zama injiniya.

Minti ashirin aka gama. Allo ya taso tsaf, kwamfutar da ke nishi ta koma kamar sabuwa. Har na ɗauki hoto zan tura wa abokai. Sai na buɗe wajen fayiloli in nemi D. Babu D. Ashe C da D duk faifai ɗaya ne aka raba biyu, ita kuwa Linux ba ta san wasu haruffan C da D ba, faifan gaba ɗaya take gani da sunan sda, kuma shi na ce ta share. Wallahi sai da na ji gumi yana bin bayana, ga fanka na juyawa.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni: na ci gaba da amfani da kwamfutar kwana uku ina neman mafita a cikinta, ina sauke manhajoji, ban san kowane abu da na sauke yana hawa kan gurbin tsofaffin fayilolina ba ne. Daga baya wani ya nuna min PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge. Ta dawo da dubban fayiloli, amma ba suna ba tsari, kowanne f da jerin lambobi, an zube su a jakunkuna kamar tsakuwa. Na yi sati biyu ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Hotuna na sami kusan rabi, wasu rabin fuska ne kawai, ƙasan toka-toka. Rubutun digirin kuwa tsohon kwafi na samu a imel ɗin da na taɓa tura wa malamina, babi biyu sai da na sake su daga farko.

Ba laifin manhajar ba ne, ta tambaye ni na amsa. Har yau ita nake amfani da ita. Amma ki kwashe komai naki zuwa wani faifai na waje, ki buɗe wasu fayilolin a can ki tabbatar suna buɗuwa, sannan ki ZARE shi ki ajiye a wani ɗaki kafin ki fara.

Hajiya Akawu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya.

Gwani: Amin. Amma fa "ji nake na zama injiniya" ta kashe ni da dariya.

Mai Gyara: Abin da Yaya Babba ya faɗa shi ne rabin aikin. Sauran rabin: kar ki ɗora komai tukuna. Ki sauke fayil ɗin girkawa, wato ISO, daga shafin Mint na ainihi, ki zuba shi a filash da Rufus ko balenaEtcher, ki tada kwamfutar daga filash ɗin. Za ta buɗe cikakkiya ba tare da ta taɓa faifanki ba. A nan ki gwada wayfai, sauti, kyamara, firinta, maɓallan haske, ki rufe murfin ki buɗe ki ga ko za ta farka. In duk sun yi, bismillah. Za ki ga tana ɗan jan ƙafa, daga filash ne, ba halinta ba ne.

Auta: Na gode Malam. Filash ɗin zai goge abin da ke cikinsa?

Mai Gyara: Tas. Ki nemo wanda babu komai ciki, 8GB ya wadatar.

Ɗan Debian: Ni abin da ban gane ba, kullum aka yi tambaya sai a ce Mint. Mint a kan Ubuntu aka gina ta, Ubuntu a kan Debian. Me ya sa za a bar uwa a je wajen jika? Debian tun 1993 Ian Murdock ya kafa ta, babu kamfanin da ya mallake ta, masu aikin ne ke zaɓen shugabansu duk shekara. Ubuntu kuwa ta Canonical ce, abin da kamfani ya ga dama shi za a yi.

Tsohon Hannu: Ai Auta ba tarihi ta tambaya ba. Kuma Mint ɗin ma jama'a ne ke riƙe da ita da gudummawarsu, tun da Clément Lefèbvre ya fara ta a 2006. Da Ubuntu ta matsa da Snap, tsarinta na girka manhajoji, ba su bi ba, tun Mint 20 suka toshe shi. In ma Debian ɗin kake so, ai suna da LMDE, Mint ɗin da aka gina kai tsaye a kan Debian.

Ɗan Debian: To ka ga sun san gida.

Tsohon Hannu: Sun san gida, amma kai ka manta shekarun da sabon shiga zai ɗora Debian ya tarar babu wayfai saboda an ƙi sa firmware, wato ƙananan manhajojin da ke sa irin su wayfai aiki, a faifan girkawa.

Ɗan Debian: An gyara wannan tun Debian 12 a 2023, ranka ya daɗe. Yanzu 13 ake ciki. Ka sabunta labarinka.

Malamin Falsafa: Gyara kaɗan, jama'a. Linux ƙwayar ciki ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Yawancin kayan aikin da ke kewaye da ita na GNU ne, aikin da Richard Stallman ya sanar tun 1983. Sunan da ya dace GNU/Linux. Kuma ku daina cewa "ta kyauta" kurum. Batun 'yanci ne: ka yi amfani da ita, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka raba wa wani.

Gwani: Malam, duk zaman da aka yi sai ka karanta mana wannan huɗubar.

Malamin Falsafa: Ranar da kuka haddace zan daina.

Na-Arch: A Arch babu jiran wani 12 ko 13, kullum sabuwa ce.

Gwani: Shi ya sa ranar Laraba muka ga saƙonka daga waya, kana neman wanda zai duba maka dalilin da allonka ya yi baƙi.

Na-Arch: Wannan ni na taɓa wani abu.

Gwani: Ai kullum kai ne kake taɓa wani abu.

Hajiya Akawu: Ku bar faɗan nan, yarinya ta ce rubutu da lissafi take yi, ba wanda ya ce mata komai a kai. Auta, LibreOffice za ki tarar a ciki, madadin Word da Excel. Tana buɗe docx da xlsx, tana kuma adana su. Ni shekara uku ina aiki da ita. Inda za ki ci karo: takarda mai teburori da yawa tana iya zamewa in an buɗe ta a Word, shafi goma ya koma sha ɗaya. Yawanci rashin irin harafin ne. Ki sa harafin Carlito, faɗinsa daidai yake da Calibri, Liberation kuma yana tsaya wa Arial da Times New Roman. Abin da ba gyara za a yi masa ba ki tura shi PDF, ba mai ganin bambanci. Amma in wajen aikinku suna da tebur mai macro, wato jerin umarnin da ke yin aiki da kansa, ki gwada shi tun daga filash, kar ki ɗauka zai yi.

Auta: Allah ya saka, Anti. Babu macro a nawa. Haruffa masu lanƙwasa fa, ƙ da ɗ da ɓ?

Tsohon Hannu: Akwai tsarin allon rubutu na Hausa a ciki, ki ƙara shi a saitin kibod.

Baƙo: Salam. Ni wasanni nake yi, za su tashi?

Gwani: Da yawa na Steam, kasuwar wasanni, suna tashi ta Proton, manhajar da ke sa wasannin Windows aiki a Linux. Masu tsaron hana maguɗi na kan layi ne wasu ke ƙi. Ka duba sunan wasanka a shafin ProtonDB.

Baƙo: Wani abu kuma, tunda na haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, duk na koma Windows sai agogo ya sauya.

Mai Gyara: Ɗaya tana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin duniya na UTC, ɗaya tana ɗaukar sa lokacin gari. Layi ɗaya ne da umarnin timedatectl, zan turo maka ta gefe. Ka kuma kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba wataran faifan zai ƙi ba ka damar rubutu daga Linux.

Shugaban Zaure: Jama'a, tambayar Auta ake amsawa. Mai sabuwar tambaya ya jira.

Yaya Babba: Ƙarin bayani ɗaya. Za a ce miki Mint tana da Timeshift. Tana da ita, kuma ki kunna. Amma tsarin kwamfutar take ɗauka don ki koma baya in sabuntawa ta ɓata wani abu, ba ta ɗaukar takardunki da hotunanki sai kin ce mata. Kar ki dogara da ita a nan.

Mai Gyara: In da hali ki sauya mata faifai zuwa SSD, irin mai saurin nan. Bambancin da za ki gani ya fi duk wannan gardamar ta Mint da Debian.

Ɗan Debian: Ba gardama ba ce, gaskiya ce.

Auta: Na kwashe kayana, na zare faifan kamar yadda Yaya ya ce, yana cikin durowa. Ta tashi daga filash, sauti ya yi, kyamara ta yi. Wayfai ne ban gani ba sam, ko alamarsa babu.

Mai Gyara: Haɗa wayarki da kebul ki kunna raba intanet ta USB, sannan ki buɗe Driver Manager ki gaya min abin da ya nuna. In bai nuna komai ba, buɗe baƙin allon umarni ki rubuta lspci, ki ɗauko hoton ki turo.

Na-Arch: Da Arch ce da tuni...

Gwani: Da tuni ita ma tana turo saƙo daga waya.

Auta: Ai daga wayar nake turowa, Yaya Gwani. Malam, l ce ta farko ko babban i?