A-kori-kurata tana ƙarar "tik-tik" a inji, na rasa dalili

Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai shan fetur, silinda huɗu, da nake ɗauko masara da ita daga kasuwar Giwa zuwa Sabon Gari. Sati uku ke nan injin yana wata ƙara, tik-tik-tik, kamar keken ɗinki. In na taka totur sai ƙarar ta ƙara sauri. Da asuba ta fi tsanani, bayan minti 10 ta lafa, amma da na hau gadar Kwangila da lodi sai ta dawo.

Na yi juyen baƙin mai, na zuba 20W-50 da sabuwar filta. Na canza filogi huɗun. Wani makanike a Tudun Wada ya cire fambel ya tayar da motar, ƙarar tana nan daram. Ya ce tafet ne, wato ƙarafan da ke tura bawul a cikin inji, ya buɗe murfin saman inji, kuɗina sun tafi, ba abin da ya canza. Fitilar mai ba ta kamawa, motar ba ta zafi.

Jiya na haska da tocila, na ga baƙin hayaƙi ya dafe a inda bututun salansa ya haɗu da kan inji, kusa da silinda ta huɗu.

Don Allah, ta yaya zan tabbatar ko gasket ɗin wurin, wato abin da ke toshe mahaɗar bututun da kan inji, shi ne ke yoyo kafin in yarda a sauke kan inji?