Neman kalmar Hausa: me za mu kira "peat"?

Zainab Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe za a ɗauki shirinmu na muhalli, ga kalmar "peat" ta zame mini ƙarfen ƙafa. Baƙar ƙasa ce mai laushi da ke taruwa inda ruwa ke kwanciya, daga ganyaye da gansakukar da ba su gama ruɓewa ba saboda rashin iska. Ana yanka ta kamar tubali, a shanya, a ƙona. Rahoton ya shafi Ayilan, inda kamfanin gwamnati Bord na Móna ya sanar da daina haƙarta a 2021, da Finlan da ke ƙona ta a tashoshin lantarki. A taimaka.

Auwalu: Gawayin fadama.

Malam Habu: A'a, Auwalu. Gawayi sai wuta ta ci itace. Wannan kuwa bai taɓa ganin wuta ba, ruwa ne ya hana shi ruɓewa. Shi ne matakin farko na kwal: in ƙasa ta danne shi shekaru miliyoyi, kwal yake zama. Ni dai "ɗanyen kwal" nake gani.

Zainab Mai Shiri: Allah ya gafarta Malam, ya yi daɗin faɗa, amma mai sauraro ya saba da "ɗanyen mai". Zai ɗauka kwal ne da aka haƙo ba a gyara ba.

Baban Ummi: Duk kun kauce hanya. Shi kansa "kwal" ɗin Turanci ne da aka sa wa hula. Yaushe za mu daina bara? Ga ruɓa, ga makamashi, a haɗa: RUƁAMASHI. Gajere, kuma namu.

Auwalu: Baba, wallahi na ɗauka sunan wani ciwon haƙori ne.

Baban Ummi: Dariyar nan ce ta kashe mu, yaro. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka fara jin ta. Da a Ingila aka ƙirƙiro ta, da yanzu kuna rige-rigen faɗa.

Malam Habu: Alhaji, in za mu kori aro, sai mu fara da littafi da alƙalami, mu bi da rediyon da Zainab ke aiki. Matsalar ruɓamashi ma ba asali ba ce. Abin nan RASHIN gama ruɓewa ne ya samar da shi, kai kuma ka ɗora sunan kan ruɓa.

Baban Ummi: Aron Larabci daban, Malam.

Auwalu: To fa, an zo wurin.

Hajiya Rabi: Don Allah ku bar wannan. Ƙanwata, ina jin a rubutunki filin ya fi makamashin yawan fitowa, don can illar take. Irin waɗannan filaye kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma kabon da suka riƙe, wato sinadarin da ke ɗumama duniya in ya fita cikin iska, ya fi na dukkan dazuzzukan duniya. Da an tsane ruwan, iska ta shiga, ruɓewar da ta tsaya dubban shekaru sai ta ci gaba, kabon ya yi ta fita ko ba a kunna ashana ba. In kuwa wuta ta kama, ta ƙarƙashin ƙasa take bi, ta yi makonni tana ci, kamar yadda aka gani a Indonesiya a 1997 da 2015. Kuma kaurinsa wajen milimita 1 yake ƙaruwa a shekara, wato mita guda shekara 1,000 ke nan. Kada kalmarki ta sa mutane su zaci abu ne da ke tofowa duk damina. Shi ya sa ban son "fadama", kunne noma zai ji. Dausayi ya fi.

Zainab Mai Shiri: Yaya Rabi, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Akwai sakin layi kan babban filin da masana suka bayyana girmansa a 2017 a kwarin Kogin Kongo, da wani kan Ruwanda da ta gina tashar lantarki mai ƙona shi a Gisagara. To in ce "kwal ɗin dausayi", filin kuma "dausayin kwal"?

Malam Habu: Ba kwal ba ne tukuna, kuma a yawan wutar da za a samu, hayaƙin kabon ɗinsa ya ɗara na kwal. Amma tun da "ɗanye" ya faɗi, ba ni da ta cewa.

Baban Ummi: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Ku je ku yi, ni ruɓamashi zan ci gaba da rubutawa.

Zainab Mai Shiri: Na gode muku duka. Gobe "kwal ɗin dausayi" zan ce, da jimla ɗaya ta bayani a farkon shirin. "Dausayin kwal" bai kwanta mini ba, wanda ya samo abin da ya fi shi kafin ƙarfe 7 ya ajiye mini a nan.