Matan Bama da suka sha ɗauri: Suu Kyi ce kaɗai za mu koyar?

Malama Rabi, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin gwamnati a wata makarantar 'yan mata a nan Katsina, kuma a makon jiya na kawo wa ɗalibaina misalin Aung San Suu Kyi ta ƙasar Myanmar, wadda iyayenmu suka sani da Bama, a matsayin macen da ta yi tsayin daka a gaban mulkin soja. Ban rufe baki ba sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba ita ce ta yi shiru ana kashe Musulmin Rohingya ba?" Na ba ta amsa, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini ba. Ina neman shawarar masana: ya dace in ci gaba da kawo sunanta a aji, kuma akwai wasu matan ƙasar da zan iya nuna wa yaran?

Malam Lawal, Daura:

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibarki ba ta faɗi ƙarya ba, ke ma ba ki faɗa ba. Suu Kyi ta koma gida a 1988 domin jinyar mahaifiyarta, ta tarar da ƙasa a tsaye, ta shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NLD ta masu neman dimokuraɗiyya. Sojoji suka yi mata ɗaurin talala a 1989, jam'iyyarta ta lashe kujeru 392 a zaɓen 1990, suka ƙi miƙa mulki. Tsakanin 1989 da 2010 ta yi kusan shekara 15 a tsare, kuma da mijinta yake jinyar ajali a Ingila a 1999 ba ta je ba, saboda ta san in ta fita ba za a bar ta ta dawo ba. Wannan duk ya faru. Haka kuma a 2017, tana jagorantar gwamnati, Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, sannan a watan Disamba na 2019 ta je kotun duniya a Hague da ƙafarta ta kare ƙasarta daga ƙarar da Gambiya ta shigar. A ganina ki gaya wa yaran duka biyun, kada ki ɓoye ko ɗaya, domin abin da ta yi wa Rohingya ba ƙaramin tabo ba ne.

Hajiya Binta, Rafindadi:

Malam Lawal ya yi adalci, sai dai ni abin da ke damuna shi ne yadda sunan mace ɗaya ya rufe na ɗaruruwa. 'Yar'uwa Rabi, ki fara da Wai Wai Nu, domin ita ce amsar tambayar ɗalibarki. Musulma ce 'yar Rohingya, mahaifinta yana cikin waɗanda suka ci zaɓen 1990, kuma a 2005 aka kama ta tare da iyalinsu tana da shekara 18, tana karatun lauya. Shekara bakwai ta yi a kurkukun Insein da ke Yangon, ta fito a 2012, ta kafa ƙungiyar mata masu neman zaman lafiya.

Akwai Nilar Thein, wadda labarinta ya fi taɓa ni a matsayina na uwa. Bayan zanga-zangar 2007 kan tsadar man fetur an kama mijinta, ita kuma ta shiga ɓuya, ta bar jaririyarta 'yar wata huɗu a hannun dangi, domin kukan jinjiri kan tona asirin mai ɓuya. Duk wadda ta taɓa shayarwa ta san abin da ake nufi da a raba uwa da goyonta a wannan lokacin. Da suka kama ta a 2008, shekara 65 suka yanke mata, sai a Janairun 2012 aka sake ta. Sai Su Su Nway, 'yar ƙauye, wadda ta kai hukumomin yankinsu ƙara saboda aikin tilas da suke sa talakawa, ta kuma yi nasara a 2005, kafin a juyo a ɗaure ta ita ma. Ga Ma Thida, likita kuma marubuciya, da aka yanke wa shekara 20 a 1993, ta kamu da tarin fuka a kurkuku.

Alhaji Sule, Ƙofar Soro:

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, saboda haka tun ina yaro nake jin sunan ƙasar. 'Yata Rabi, ki haɗa wa yaran da abin da suka sani, sai ya fi shiga. Mu Katsinawa ba baƙin wannan labari ba ne, tunda Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu a 1997, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri har sau 16. Kuma ki sanar da su cewa maganar ba ta wuce ba. Ranar 1 ga Fabrairu, 2021, sojojin Bama suka sake kifar da gwamnati, suka mayar da Suu Kyi tsare, kuma wadda ta fara rasa ranta a zanga-zangar da ta biyo baya budurwa ce, Mya Thwe Thwe Khaing, da aka harba a ka a Naypyidaw. A wancan lokacin mata sun riƙa shanya zannuwansu a kan igiya a tsakiyar titi, saboda camfin da ke cewa namijin da ya bi ta ƙarƙashin zanen mace kwarjininsa ya zube, sai sojoji su tsaya sauke zannuwa, masu zanga-zanga su sami sararin gudu.

Malama Rabi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan raba ajin gida huɗu, kowane rukuni ya ɗauki mace ɗaya, ita kuma ɗalibar da ta yi tambayar zan ba ta Wai Wai Nu. Baba Alhaji, idan ba damuwa, ina so ka zo ka ba su labarin mahaifinka da bakinka.