Yaya zan sa Excel ya riƙa canza min awon zane a SolidWorks?

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Flanji nake zanawa na haɗa bututun ruwa a SolidWorks, manhajar zanen injiniya, DN50 da DN80 da DN100 (lambobin girman bututu ke nan), siffarsu ɗaya awo ne kawai ya bambanta, amma kowanne fayil dinsa daban, in oga ya ce a ƙara kauri sai na buɗe su duka ina gyarawa da hannu kuma gobe ma ya ce a mayar yadda yake. An ce min ana iya zuba lambobin a Excel zanen ya riƙa bi da kansa. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Dan_Gareji:
Wa alaikumus salam. Design Table sunan abin, yana ƙarƙashin Insert sai Tables. Fayil ɗaya za ka riƙe, kowane layi a teburin sayiz ɗaya ne, a sama kuma sunayen awon. Amma kafin ka taɓa teburin ka canza wa awon suna tukuna, don shi D1@Sketch1, D2@Sketch1 yake sa musu, bayan wata biyu kai da kanka ba za ka gane wanne ne kauri wanne ne faɗi ba. In PN16 kake yi (wato ajin matsin da flanjin zai ɗauka), a milimita DN50 faɗinsa 165, da'irar kusoshi 125, rami 4. DN80 kuma 200 da 160, DN100 220 da 180, su biyun rami 8 ne, duka ramukan milimita 18. Ka ga kenan yawan ramin ma sai ya shiga tebur, kuma ka sa tazararsu ta raba da'irar daidai, in ba haka ba takwas ɗin za su hau kan juna.

Hajiya_CAD:
Ƙari a kan na malam, sai akwai Excel na Microsoft a kwamfutarka abin zai buɗe. Wanda ba shi da kuɗin lasin ya sauke FreeCAD, kyauta ce kuma tana da Spreadsheet ɗinta a ciki, wato tebur irin na Excel. Ka ba akwatin da ka sa lambar a teburin suna misali kauri, a wurin awon ka rubuta Spreadsheet.kauri shi kenan. Kar dai teburin ya koma yana karanta awo daga zanen da shi yake juyawa, zagaye za su yi ta yi ta ƙi lissafawa.

Baba_Makaniki:
Yaro duk abin da suka faɗa gaskiya ne amma tebur ba ya gyara zanen da aka yi da gaggawa. In layukanka shuɗaye ne to ba a ɗaure suke ba, sai sun koma baƙi, in ba haka ba kana sa 220 ramin tsakiya zai zame gefe kuma ba abin da zai yi maka kuka, sai an yanka ƙarfe za a gani. Ka ɗaure komai a tsakiyar zanen, ka bar lanƙwasar baki zuwa ƙarshe don ita ce ta fi saurin karyewa. Sannan ka danna kowane sayiz ka duba da idonka, musamman mafi ƙanƙanta da mafi girma. Mutanenmu na Nijar masu kwamfutar Faransanci ku lura da waƙafi, 2,5 da 2.5 kan rikita lissafi in fayil ya tsallaka wata kwamfutar.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba zan duba layukan yanzu. To takardar da zan kai wa mai juya ƙarfe fa, ita ma za ta bi teburin ko kowane sayiz sai na fitar masa da tasa?