Takunkumin da ya durƙusar da Iraƙi, me ya hana shi cin Rasha?

Ɗan Karantina, Jidda:
Salamu alaikum. Masana, ku warware mana wannan. Saddam ya mamaye Kuwait a 1990, takunkumi ya karya ƙasarsa. Rasha ta auka wa Yukren tun 24 ga Fabrairun 2022, an ƙaƙaba mata iri-iri, amma manta bai daina fita kasuwa ba. Ina bambancin yake?

Malam na Shara Mansur:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da wanda ya sa takunkumin. Na Iraƙi Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya sa shi, ƙuduri mai lamba 661, ranar 6 ga Agustan 1990, kwana huɗu bayan mamayar. Wajibi ne a kan kowace ƙasa. Kuma toshe Iraƙi ba wuya, don manta ta bututu yake fita: ɗaya ya bi Turkiyya zuwa tashar jiragen ruwa ta Jaihan, ɗaya ya ratsa nan Saudiyya zuwa gaɓar Bahar Maliya kusa da Yanbu. Aka rufe biyun, jiragen yaƙi suka tsare teku, shi ke nan.

Rasha kuwa tana da kujerar naƙi a Kwamitin, ba ƙudurin da zai wuce. Ƙasashe 141 da suka yi tir da ita a Babban Zauren Majalisar ranar 2 ga Maris 2022, har da Saudiyya, tir ɗin kawai suka yi. Takunkumin na Amurka ne da Turai da abokansu. Indiya da Sin ba su karya wata doka ba da suka ci gaba da sayen man.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam ya yi daidai, amma su kansu Turawan ba su so man Rasha ya bar kasuwa ba, don farashi zai yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa a Disambar 2022 suka yanka masa iyaka, dala 60 ganga. Igiyar da suka riƙe ita ce inshora: kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen ruwa ƙungiyoyin inshora na ɓangarensu ne ke tsaya musu. Sai ka kawo takardar shaida cewa ba ka saya sama da iyakar ba, kafin a ba ka inshora ko jirgi.

A nan ta yoye. Takarda ce, ana rubuta farashin da bai wuce iyakar ba, a cusa ragowar cikin kuɗin dako. Sannan Rasha ta tara tsofaffin jiragen dakon mai masu tutocin wasu ƙasashe, su kashe na'urar da ke nuna inda suke, a juye mai daga jirgi zuwa jirgi a tsakiyar teku. A lokacin, wanda ya isa Indiya ana tace shi, ya koma Turai a matsayin dizal.

Abin da ya yi cizo da gaske shi ne ajiyar babban bankin Rasha da aka daskarar, kusan dala biliyan 300, akasari a Euroclear, cibiyar ajiyar takardun hannun jari ta Beljiyam. A 2024 ƙasashen G7, bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, suka amince da ba Yukren bashin dala biliyan 50, a riƙa biya daga ribar da ajiyar ke haifarwa.

Ɗan Karantina, Jidda:
Allah ya saka, Hajiya. To ita Saudiyya da wa take?

Malam na Shara Mansur:
Ba ta sa takunkumi ba, kuma suna tare da Rasha a OPEC+, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai. A Oktoban 2022 ƙungiyar ta rage ganga miliyan 2 a rana, Amurka ta fusata. A watan kuma Riyad ta sanar da agajin dala miliyan 400 ga Yukren. A Mayun 2023 shugaban Yukren Zelenski ya yi jawabi a taron ƙolin Larabawa nan Jidda.

Kada kuma ka manta, ba takunkumin ne ya fitar da Saddam ba, yaƙin 1991 ne. Talakan Iraƙi shi ya sha wuyar, sai a Disambar 1996 aka fara barin a sayar da mai a sayo abinci da magani. Diyyar ɓarnar mamayar, dala biliyan 52.4, daga kuɗin manta aka yi ta yanka, ba a gama biya ba sai farkon 2022.